Mai jego ta rasu a hannuna a asibitin ƙauye: in nemi canjin wurin aiki?

Assalamu alaikum Anti. Ni ungozomar asibiti ce, shekarata 26. Bara aka ɗauke ni aiki aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙauye. Mu uku ne: ni, da shugaban asibitin wanda malamin lafiya ne namiji, da baba mai gadi. Ni kaɗai ce mace, don haka duk wata haihuwa tawa ce, dare ko rana. Babu wuta, ruwa sai an ɗebo daga bakin kasuwa. Matan garin ba sa zuwa sai abu ya ɓaci. Akwai wata tsohuwar ungozoma da suka fi yarda da ita, ni kuwa ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Makonni uku da suka wuce aka kawo mini wata mai jego da asuba a kan amalanke. Ta haihu a gida tun tsakar dare, mabiyiya ba ta faɗo ba, jini ya gama zuba. Na yi mata allura, na sa mata ruwa, na ce a nemo mota zuwa babban asibiti. Kafin a samo motar a daidaita kuɗi ta cika a hannuna. Yanzu ana ta yawo da magana wai allurar malamar asibiti ce ta ƙarasa ta. Ba na iya barci, ko ƙofa aka taɓa da dare sai gabana ya faɗi. Mijina yana birni, ƙarshen mako kawai nake zuwa, uwar mijina ta fara ƙorafi. Wani ya ce in ba shi albashina na wata biyu ya samo mini canji zuwa birni. Zuciyata tana so, amma ina jin kamar in na tafi na ci amanar matan nan. Anti, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah, ya karɓi shahadarta, ya raya abin da ta bari. Ke kuma Allah ya sanyaya zuciyarki.

Ba ke kika kashe ta ba. Kin san wannan a karatu, amma yanzu kina buƙatar ki ji shi daga bakin wani, to ga shi na faɗa miki. Muddin mabiyiya tana ciki mahaifa ba ta iya tsukewa, jijiyoyin da suka ciyar da jariri wata tara suna nan a buɗe, jini yana ta bin su. Irin wannan zubar tana iya ɗauke mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu, ita kuwa ta yi daga tsakar dare zuwa asuba tana zubarwa, kuma galibin matanmu na karkara da ƙarancin jini suke shiga naƙuda, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin cima da haihuwa kusa da kusa. Abin da take buƙata a lokacin da ta iso gare ki shi ne ƙarin jini, ku kuwa ba ku da ma'ajiyar jini. Tun 1994 masu binciken mutuwar mata wajen haihuwa suka kasa abin gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Wannan baiwar Allah ta ƙare rayuwarta ne a cikin na farko da na biyu, awannin da aka yi ana cewa bari mu gani, da awannin neman mota da cinikin kuɗinta. Ke ce kawai mutum ta ƙarshe da ta taɓa ta, shi ya sa yatsa ya tsaya a kanki.

Maganar allura kuwa kada ki tsaya musu da kowa. Gidan da aka yi rashin su ma suna da nasu nauyin a zuciya, sun san an daɗe kafin a fito da ita, kuma ya fi musu sauƙi a ce allura ce. Zargin allura ya girme ki a arewa. A 2003 har dakatar da rigakafin shan inna aka yi a Kano saboda jita-jita, kuma abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne shigowar sarakuna da malamai cikin aikin, ana bin gida gida da mutanen da jama'a suka sani, har aka kai ga Agustan 2020 da aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Idan ba ki je ta'aziyya ba, ki je, ko da an yi sadakar bakwai. Ki nemi wata dattijuwa a garin ta raka ki, matar liman ko matar mai unguwa. Ki shiga ki durƙusa ki gaishe su, ki ce ya haƙuri, ki ɗauki jaririn ki duba cibiyarsa, ki tambayi wa yake shayar da shi da me ake ba shi. Kada ki kawo zancen wa ya yi jinkiri. Jaririn da uwa ta mutu ta bari yana cikin haɗari sosai a watanninsa na farko, don haka ki riƙa leƙa shi, ki tabbatar an yi masa alluransa. Mutanen gidan za su ga wannan da idonsu, kuma a ƙauye abin da ido ya gani ya fi tsawon rai a kan abin da aka ji a bakin rijiya.

Ki kuma rubuta rahoton rasuwar, in ba ku riga kun yi ba: ƙarfe nawa ta haihu, ƙarfe nawa aka iso da ita, bugun jininta, abin da kika ba ta da lokacin da kika ba ta, ƙarfe nawa kika nemi mota. Akwai tsarin bitar mutuwar masu haihuwa da jarirai da ake kira MPDSR, wanda ƙa'idarsa ita ce ba a neman mai laifi, ana neman inda aka samu giɓi ne. Wannan takarda kariya ce gare ki, kuma ita ce hujjarki gobe in za ki nemi kayan aiki ko ƙarin ma'aikaciya.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Na karanta wasiƙarki na ga abin da ya fi cin ki shi ne kaɗaici a cikin aikin. Ke ce mai awo, ke ce mai karɓar haihuwa, ke ce mai neman mota, ke ce mai ɗaukar zargi. Babu ungozomar da za ta jure wannan, komai ƙwarewarta. Lokacin da hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, an tura dubbai, kuma da yawa sun gudo, saboda rashin masauki, da alawus da ba ya zuwa a kan kari, da zama su kaɗai a inda ba su san kowa ba. Don haka son tafiyar da kike ji bai sa kin zama maciya amana ba. Sai dai kafin ki yanke hukunci ina so ki gwada aikin nan ta wata fuskar, ki jawo mutanen garin cikinsa, don da ɗan gari akan ci gari.

Ki fara da tsohuwar nan. Ki dube ta da idon basira: wataƙila rabin mazan garin ita ta yanke musu cibiya, ita ke wankan jego, ita ke samun ɗan goro da turmin zane da cinyar ragon suna. Rana tsaka gwamnati ta kawo yarinya sa'ar jikarta da farin kaya aka ce ita ce ta iya. Ba ƙiyayyarki take yi ba, tsoron rasa matsayinta da abincinta take yi. Kuma ina kyautata zaton tun rasuwar nan ita ma ba ta barci, in ita ta karɓi haihuwar.

Ki je gidanta da yamma bayan la'asar, cikin atamfa da mayafi, ba da kayan aiki ba. Ki riƙe goro da sabulu da ɗan turare. Ki cire takalmi, ki zauna ƙasa da ita, ki kira ta Inna ko Iya, duk yadda 'yan garin ke kiranta. Ki ce kin zo gaisuwa ne, ke baƙuwa ce, kina so ta riƙe ki kamar 'yarta. Ranar farko kada ki koya mata komai. Ki tambaye ta: matan wace unguwa ne suka fi wahala wajen haihuwa, wace ce ta taɓa jijjiga, wace ce ta yi ɓari sau da yawa, wane maigida ne ba ya barin matarsa fita. Za ki sha mamakin abin da ke kanta, ta san cikin kowace mace a garin tun kafin ya fito. Sai kin je sau biyu sau uku sannan ki kawo buƙatarki, kuma ki kawo ta a matsayin roƙo: Inna, in mace ta fara naƙuda ki rako mini ita, ki zauna a gefenta, ki riƙe mata hannu, ki yi mata addu'a. In an sauka lafiya ke za ki yi wankan, ke za ki kai ta gida, duk abin da aka saba ba ki ranar suna yana nan. Ki faɗa wa dangin mai haihuwa a gabanta cewa Inna ce ta yi dabara da ta kawo ta da wuri. Wannan yabon bai rage ki da komai ba, ita kuwa shi ne jarinta.

Daga nan sai ki shigo da alamomin da ba a jira da su, kaɗan kaɗan, cikin hira. Jinin da ya jiƙe zane sharkaf. Mabiyiyar da ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, kuma kada a ja cibiya, kada a tura wa mace muciya ko gashi a baki don ta yi kakari. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta. Ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi. Hannu ko cibiya ta riga kai fitowa. Ki ba ta lambar wayarki, in ba ta da waya ki ba jikanta. Abu guda ne ba za ki yi sassauci a kansa ba ko da wasa, wato yankan gishiri, domin yana cikin abin da ke kai mata cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina da na Jahun da Ningi. Shi ma a keɓe za ki yi mata maganarsa, ba a gaban mutane ba.

Sai maganar mota, wadda a ganina ita ce ta fi komai gaggawa. Wannan aikin maza ne, ki sa shugaban asibitinku ya kira zaman kwamitin ci gaban mazaɓa, da dagaci da liman da shugaban direbobin tasha. Tun da rasuwar tana sabuwa a zukata za su saurara. A fitar da direbobi biyu ko uku da za a iya tasa da dare, a rubuta lambobinsu da manyan baƙaƙe a bangon asibiti da ƙofar masallaci, a yanke kuɗin zuwa babban asibiti tun yanzu don kada a tsaya ciniki mace tana zubar da jini. A kafa ɗan asusu a hannun amintacce wanda za a zuba mai daga ciki, iyali su biya daga baya. Ba sabon abu za ku ƙirƙiro ba: an yi irin wannan da direbobin ƙungiyar NURTW a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, kuma Jigawa tana da shirinta na Haihuwa Lafiya. Ki roƙi liman ya yi wa magidanta huɗuba a kan izinin dindindin, wato miji ya ce wa matarsa da mahaifiyarsa tun ciki yana ƙarami, in abu ya taso ko ba na nan a kai ta asibiti, na yarda. Mata da yawa sun mutu ana jiran maigida ya dawo daga cin rani ko kasuwar wani gari. A kuma samu samari da aka auna rukunin jininsu, waɗanda za su bi motar in an buƙaci jini.

Ɗakin haihuwarki ma ki dube shi da sabon ido. Allurar oxytocin, mai sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, tana son sanyi, in ta daɗe a cikin zafin bazara ƙarfinta yana raguwa, kina yi kina ganin kamar ba ki yi ba. In kuna da firjin rigakafi mai aiki da hasken rana ki tambayi jami'in da ke kula da shi yadda za a adana ta. Ki tabbatar kina da ƙwayar misoprostol mai tsuke mahaifa a cikin ledarta, da tranexamic acid mai rage zubar jini wanda ake bayarwa cikin awa uku na haihuwa, da magnesium sulphate domin jijjiga, da manyan allurai na sa ruwa, duk a cikin kwali guda da hannunki zai kai gare shi a cikin duhu. Ki nemi rigar nan ta roba mai suna NASG da ake ɗaure wa mai zubar jini daga ƙafa zuwa mara don ta jure tafiya. Akwai kuma ledar awon jini da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da wannan leda da haɗa magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. In ba a taɓa ba ki horon ciro mabiyiya da hannu ba, ki nemi a sa sunanki a horo na gaba. Kuɗin waɗannan abubuwa ba daga aljihunki za su fito ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya na matakin farko mai suna BHCPF, wanda ake tura wani kaso nasa kai tsaye zuwa asusun asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Ki tambayi shugabanku ko naku yana ciki. In yana ciki, fitilar sola da randar ruwa a ɗakin haihuwa suna cikin abin da kina da haƙƙin ki ce a sa a lissafi. Bai dace kina karɓar haihuwa da waya a baki kina haska hannunki ba.

Awo kuma ki daidaita shi da ranar da mata suka fi samun fita, ki riƙe na'urar awon hawan jini da kyau, ita ce mai kama jijjiga tun ba ta zo ba. In kin samu shiga wajen tsofaffin mata ki lallaɓa su a kan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

To ke fa? Rashin barci da faɗuwar gaba bayan irin abin da kika gani ba rauni ba ne, haka zuciya take yi in rai ya fita a hannunta. Ki nemi 'yan kwanaki daga hutunki ki je gida ki huta. Ki samu wata babbar ungozoma da kika yarda da ita, ko malamarki ta makaranta, ki ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ki yi kukanki. Ki riƙe azkar ɗinki. In wata guda ya wuce abin yana nan ko yana ƙaruwa, ki ga likita, kada ki tsaya jin kunya wai ke ma'aikaciyar lafiya ce. Kuma ki rubuta wa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ta hannun shugabanku, kina neman a ƙaro mace ko da malamar lafiya ce, tun da tsarin rabon ayyuka na 2014 ya ba waɗanda aka horar a cikinsu damar karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa. Ki haɗa da lissafin haihuwa da awon da kika yi cikin shekarar. In dagaci da shugaban kwamiti suka sa baki, maganar ta fi nauyi.

Mijinki yana da haƙƙi, kuma ban ga laifin uwarsa ba don ta damu, amarya ce ke da ba ta kwana gidanta sai kwana biyu a mako. Ki zauna da shi ku yi magana ta gaskiya. Ki faɗa masa abin da ya faru kamar yadda kika faɗa mini, ki nemi ya zo garin ko sau ɗaya ya ga inda kike kwana, ya gaisa da dagaci, mutanen gari su san kina da mai tsaya miki. Ku yanke wa'adi tare. Shi ne zai fahimtar da mahaifiyarsa, ke naki shi ne gaisuwa da ɗan abin hannu duk sanda kika shigo.

Mutumin da ya nemi albashinki na wata biyu kuwa ki rabu da shi. Cin hanci ne, haramun ne, kuma sau da yawa kuɗin ke tafiya takarda ba ta fito ba, ko ta fito a soke ta bayan an yi tantancewar ma'aikata, ki rasa bakin magana. Ra'ayina shi ne ki ba wurin nan shekara guda daga yau, in mijinki ya amince, ki yi abubuwan da na zayyana, ki ga ko za a ƙaro miki abokiyar aiki. In wa'adin ya cika ba abin da ya sauya, ko aurenki ya fara girgiza, ko kika samu ciki ga shi ke kaɗai ce a kan aiki, ki rubuta takardar neman canji ta hanyar da doka ta tanada, ta hannun shugabanku zuwa hukumar lafiya matakin farko ta jiharku, ki ambaci dalilin aure, ki haɗa da shaidar auren, ki ajiye kwafi, ki sanar da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Ki nemi asibitin da ya fi kusa da gida ko da ba cikin birni ba ne, irin wannan buƙatar ta fi saurin karɓuwa.

Abu ɗaya ne ya fita daga wannan wa'adi. Ba ki faɗa mini yankin da kike ba. In akwai matsalar 'yan bindiga ko garkuwa da mutane a hanyarku, ko wani a garin ya yi miki barazana saboda wannan rasuwa, kada ki jira ko mako guda. Ki sanar da shugabanku da dagaci a ranar, ki rubuta wa ofishin ƙaramar hukuma, ki daina kwana a asibitin ke kaɗai har sai an sama miki masauki a cikin gidan mutane ko an sauya miki wuri.